Cokali Goma Sha Ɗaya

A unguwarmu, can bayan tsohuwar kasuwar Agadas, idan mutum ya sayi man zaitun ba ya buɗe shi a gida. Wurina yake kawowa. Ina zaune bakin shagona na shayi da sukari, sai in karɓi kwalbar da hannu biyu kamar alƙali ya karɓi shaida, in ɗaga ta sama, in tsuke fuska. Lokotoro suke ce mini, wato dakta. Ni kuwa aji huɗu na yi a lekol, makarantar boko, a na biyar malaminmu Mushe ya ce wa mahaifina jakunan gidanmu sun fi allo bukatata. Yaran yanzu suna tsammanin wata babbar makaranta na shiga a Libiya. Tsofaffin mata sun san inda na samo ilimin, shi ya sa in za su ce Lokotoro sai sun rufe baki da gefen mayafi. To, su ma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Gara in rubuta da kaina kafin a wayi gari a mayar da ni waliyyi.

Ba yaro ba ne ni lokacin da na tafi, kada wani ya nema mini uzuri. Ina da shekara arba'in da ɗoriya, da mata, da ƴaƴa uku. Kowa ya ba ni saƙon tsaraba, amma Inna, mahaifiyata, wadda tsararrakinta ke kira Ghaisha, abu ɗaya ta nema. Gwiwoyinta sun daɗe suna ciwo, har sallah a zaune take yi, ta kuma ji malamai na cewa zaitun itaciya ce mai albarka.

Ta ce, "Alhassan, ba ni son bargo, ba ni son agogo. Man zaitun na gaske za ka kawo mini, wanda ka ga inda aka yi shi da idonka."

Na ce mata ta ɗauka ya riga ya zo.

A Dirku aka fara koya mini ciniki. Bidona, jarkar ruwan shana, ya tsage a saman kamiyo, babbar motar da ta ɗauko mu, na sayi wani cike da ruwa daga hannun wani mutum mai tabon sallah a goshi. Sai da muka yi nisa na buɗe, na tarar tsohon bidon man mota ne. Ka sha ka yi gyatsa, mai shan taba sigari ya matsa daga kusa da kai. Wani dogon mutum da ke zaune bisa buhun kusa da ni ya ga yadda nake yamutsa fuska, ya miƙo mini salkarsa. Sunansa Ghali, mutumin Timiya ne, mai garka. Fari ya ƙone masa itatuwan lemu, ya fito neman abin da zai sake haƙa rijiya. Daga nan har Sigidin ruwansa muka sha, dabinona muka ci. Yana ce mini Ɗan Birni, ina ce masa Mai Garka. Hausarsa gajera ce, maganarsa ta fi ta gajarta.

A Sabha muka sami aiki tare, wurin wani ɗan kasuwa da ake kira Miftah. Da aka ce mini aikin man zaitun ne, na ɗaga hannu sama na ce addu'ar Inna ta riga ni isowa.

Wani dogon ɗakin ajiya ne marar taga a bayan gari. Babu itaciya ko ɗaya, babu ƙwayar zaitun ko ɗaya. Manyan tano na ƙarfe ne a jere, wato durom-durom. Rana ta farko Miftah ya nuna mana aikin da kansa: a cika tano da man masara har kusa da wuya, a zuba bokiti guda na wani mai da aka tatso daga tunkuzar zaitun, sannan a ɗiga wani koren ruwa daga ƴar ƙaramar kwalba, a juya da sanda. Shi ke nan, an yi zaitun. Ghali ke riƙe mazurari yana cika kwalabe. Ni kuwa da Miftah ya ji na taɓa shiga lekol, sai ya ɗora ni a kan aikin masu ilimi, wato manna takarda. Takardar kuwa kyakkyawa ce ƙwarai: ga itaciya kore shar, ga ƙubba ta zinariya a bayanta, ga rubutun Larabci sama, ga na Faransanci ƙasa.

Akwai wata lalura da aka haife ni da ita. Ban taɓa ajiye abu a miƙe ba. A lekol layin rubutuna daga hagu yake tashi ya hau dutse, Mushe ya karya mini sanda uku a baya bai gyaru ba. Haka takardun nan, kowace na manna sai kafaɗarta ta dama ta ɗaga sama kamar mai jin haushi. Miftah ya yi faɗa, ya gaji, ya ce a bar shi.

Na tambaye shi wata rana, da ɗan Larabcin da na tsinta, ko mutane ba za su gane ba.

Ya yi dariya ya ce, "Wannan ba na nan ba ne. Kudu za shi, wurin mutanenku. Su takarda suke saya."

Ina tsaye aka ɗora kwalaye a kan kamiyon da za su Dirku da Agadas. Na san shofer ɗin ma. Ba zan ce ban sani ba.

Ghali wata biyu ya yi. Wata safiya ya ajiye mazurari a kan tano ya wanke hannu.

Ya ce, "Ɗan Birni, ni itace nake shukawa. Wanga aiki ba ni iya ci da shi. Arewa za ni, ka zo mu tahi."

Na ce masa ni mai iyali ne. Ya ce shi ma ba daga ƙwai ya fito ba. Ya tafi, na zauna. Wata goma sha huɗu na yi a ɗakin nan.

Yanzu ga inda na ɗaure kaina da igiyar da na tufka. A zamanin nan ba kowa ke da wayar salula ba, kaset muke aikawa gida. Ka zauna gaban rediyo ka danna, ka gaida kowa da sunansa, ka ba da labari, shofer ya kai. A gida kuma ba a jin kaset a ɓoye. Tabarma ake shimfiɗawa a tsakar gida, a kira maƙwabta, a dafa shayi. Na san haka, shi ya sa na gyara murya. Na ce ina aiki a babbar sosiyete ta man zaitun, wato kamfani, ni ne shef, shugaban ɓangaren kwalabe, Larabawa ba su rufe kwali sai na sa hannu. Ba duka ne ƙarya ba, hannu kam ina sawa. Na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, ɗanta a cikin zaitun yake kwana yake tashi. Da na gama na maido kaset ɗin baya na saurara, har ni kaina na ji ina girmama mai maganar.

Kewar gida kuwa ba a magana. Ranar Juma'a in na ji kiran sallah sai in rufe ido in ga hasumiyarmu ta laka, in ji ƙamshin furar Inna da cuku da dabino. In buɗe ido in ga tano.

Abin da ya fitar da ni ba tsoron Allah ba ne, kada in yi wa kaina ado. Miftah ne ya sami wani ɗan Chadi da ke manna takarda a miƙe. Na kwashe tsummokarana na bi Ghali arewa, can cikin duwatsun da ke kudu da Tarabulus, inda ya aiko cewa ana neman masu tsinkar zaitun.

A nan na fara ganin itaciyar da na shekara ina manna hotonta. Ba ta yi kama da hoton ba. Gajera ce, mai murɗaɗɗen jiki, ganyenta toka-toka. Gonar ta wani tsoho ce, Hajj Salim, ɗan siriri mai baƙar hula, wanda ya ce kakan kakansa ya tarar da wasu itatuwan a tsaye. Sanyin wurin ya wuce hankali, yatsu su ƙage har ka kasa ɗaure wando. Mu shimfiɗa raga ƙarƙashin itaciya, mu hau, mu riƙa tsefe rassa da hannu kamar mai tsefe kai.

Rana ta biyu na ga ƴaƴan da suka faɗo tun tuni suna kwance a ƙasa, baƙaƙe, masu laushi. Na ce wannan ai asara ce, na tattara na zuba cikin kwando don in nuna ƙwazo. Hajj Salim ya zo ya duba, ya juye kwandon gaba ɗaya, ya zauna yana tsince su ɗaya-ɗaya.

Ya ce, "Ɗana, wanda ya kwana a ƙasa ya fara ruɓa. Tafin hannu ɗaya nasa yana ɓata buhu."

Bai daka mini tsawa ba. Da la'asar ma matarsa ta aiko mini da tsohuwar rigar ulu ta ɗansu, ta ce baƙon yana rawar ɗari.

Duk abin da aka tsinka da safe, kafin rana ta faɗi an kai shi ma'asara, wato gidan matsa. Tsohon ba ya yarda zaitun ya kwana a buhu. Ranar da man farko ya fito, ina tsaye. Kore ne, mai duhu-duhu kamar ruwan tafki, ba ya ko ƙyalli. A zuciyata na ce wannan in Miftah ya gani korar ma'aikaci zai yi.

Hajj Salim ya zuba kaɗan a kofin shayi ya miƙo mini. Ghali ya riga ya gaya masa na yi aikin mai a Sabha, bai dai gaya masa irin aikin ba.

Ya ce, "Ga masani. Rufe kofin da tafinka, ka ɗumama shi. Yanzu shaƙa."

Na shaƙa. Ƙamshin ɗanyar ciyawa da aka yanka yanzu, da na ganyen tumatir in ka murza shi. Ghali ya lumshe ido ya ce garkarsa ce bayan ban ruwa.

"Kurɓa kaɗan, ka ja iska ta haƙora, ka haɗiye."

Na kurɓa da fuskar shef. Harshena ya ji ɗaci. Na haɗiye, sai wani yaji ya kama ni can ƙasan maƙogwaro kamar na haɗiyi citta. Na yi tari. Na sake. Na uku har da hawaye. Duk gidan matsa aka ɗauki dariya, tsohon yana nuna yatsu uku yana murna kamar an yi masa haihuwa.

Na ce, "Hajj, ya lalace."

Ya ce, "Shi ne lafiyarsa. Sabon mai na kirki yana da ƙamshin ɗanye, yana da ɗaci, yana cizon maƙogwaro. Wanda ya wuce sumul bai ce maka komai ba, ko dai ya tsufa, ko ba zaitun ba ne. Wane irin mai kuke yi a Sabha?"

Na ce namu iri dabam ne. Ghali ya juya yana kallon bango.

Wata huɗu na yi a gonar, kullum sai tsohon ya ƙara mini wani abu, ko na tambaya ko ban tambaya ba. Ya ce kada in yarda da launi, don launi ana sayensa a kanti, ni kuwa na san ƴar kwalbar da ake saye. Na ce masa na ji ana sa mai a firigo, wato firji, in ya daskare na gaske ne. Ya ce na gaske yana iya daskarewa, na ƙarya ma yana iya koyo. Ya ce rana da zafi da iska su ne maƙiyan mai, shi ya sa ake sa shi a gwangwani ko baƙar kwalba, kuma wanda ya jera farar kwalba a rana bai damu da abin da ke ciki ba. Ya ce mai ba dattijo ba ne, ba ya ƙara daraja da tsufa, in tambayi yaushe aka matse shi, ba yaushe aka zuba shi ba. In ya yi warin tsohon ƙuliƙuli, ya mutu. In kuma aka ce maka zaitun ne aka sayar da shi kusa da farashin man girki, ka gaida mai shagon ka wuce.

Da kaka ta ƙare na ce zan koma gida. Ghali ya ce shi sai ya ƙara ƴan watanni. Na taɓa ba Hajj Salim labarin gwiwoyin Inna sau ɗaya, ban zaci ya riƙe ba. Ranar tafiya ya fito da gwangwani mai cin litir biyar, fari fat, babu rubutu, babu hoto.

Ya ce, "Daga tsofaffin itatuwa ne. Ban ce zai warkar da ita ba, warkarwa ta Allah ce. Amma ta nemi na gaske, ga shi. Ka kiyaye shi daga rana. Ka ce mata wani tsoho ɗan'uwanta yana gaishe ta."

Na ɗinke gwangwanin cikin buhu ninki biyu kamar yadda muke yi wa bidon ruwa. Duk tsawon hanya a tsakanin ƙafafuna yake, ƙarƙashin riga. In rana ta take, sai in ɗebi ruwan shana in yayyafa wa buhun don ya yi sanyi. Bayan Sigidin kamiyo ya lalace muka yi kwana biyu a fili, ruwa ya koma awo da murfin bido. Ni rabi nake sha, rabi in ba buhu. Wani mutumin Bilma ya ce wa jama'a su yi mini addu'a, rana ta taɓa ni, ina shayar da gwangwani. Na iso Agadas leɓuna a tsage, amma man bai ji rana ba. In da labarin a nan ya ƙare, da yanzu jikokina suna ba da shi da alfahari.

Kun san al'ada. Wanda ya dawo daga tafiya, bayan la'asar mata ke cika gida yin barka da zuwa, a baje tsaraba bisa tabarma kowa ya gani. Na fito da barguna, da rediyo mai kaset biyu, da turare. Aka yi ta sa albarka. Sannan na jawo buhun nan da ya yi baƙi da ƙurar hanya, na farke ɗinkin, na ajiye gwangwani gaban Inna.

Hajiya Tamo, aminiyar Inna ce tun suna ƴan mata, gidanta na jikin namu, kuma ba a taɓa yin magana a unguwar ta ƙare ba tare da ita ba. Ta leƙo ta ce, "Shef, wanga kananzir ne?"

Aka yi dariya. Na ce a kawo cokali. Inna ta yi bisimilla, ta sha. Ta haɗiye. Sai tari. Ta sake. Na uku ya zo da hawaye. Ni har na fara ɗaga yatsu uku, sai na ga fuskokin matan.

Hajiya Tamo ta dangwala yatsa ta lasa, ta tofar. "Ɗaci, da yaji. Kuma dubi launinsa kamar ruwan kwata. Ghaisha, kar ki ƙara. Ku jira ni."

Ta fita, ta dawo da kwalba a hannu, ta ɗaga ta a hasken rana. Garai-garai, tana ƙyalli. Ga itaciya kore, ga ƙubba ta zinariya. Kafaɗar takardar ta dama ta ɗaga sama.

Na san hannuna kamar yadda uwa ke sanin kukan ɗanta.

Ta ce, "Ga na gaske, a kasuwa na saya, daga Libiya. Ƙila ma na sosiyetenku ne. Kai da Larabawa ba su rufe kwali sai ka sa hannu, ɗanɗana ka gaya muna."

Mata kusan ashirin suna kallona. Duk sun ji kaset ɗin, wasu sau biyu. Matata na tsaye bakin madafa tana murmushin matar shef. Abin da ya kamata in faɗa gajere ne: wannan man masara ne da koren ruwa, ni na manna takardar. Na kurɓa. Ya wuce sumul bai ce mini komai ba.

Na ce, "Yana da kyau."

"To, wancan fa?"

Na ce, "Kyauta ce. Wani tsohon ƙauye ya ba ni. Kun san mutanen ƙauye, ba su iya tacewa ba."

Ban isar da gaisuwarsa ba. Hajiya Tamo ta bar wa Inna kwalbar don zumunci. Gwangwanin kuwa aka ce kada a yi asara, a kai wa Kawu Bilal, ƙanen Inna, baduku ne, ya riƙa shafa wa fata.

Na ce wa kaina gobe zan gyara. Goben ta yi wata biyu da rabi. Kullum da safe Inna ta sha cokali guda daga kwalbar, ta shafa saura a gwiwa. In na shigo gaisuwa sai ta ce, "Da sauƙi, Alhassan. Man sosiyetenku akwai albarka." Sannan ta jawo kujerarta ta yi walaha a zaune. Kawu Bilal kuwa duk inda ya gan ni sai ya riƙe mini hannu. Ya ce tun da ya fara dukanci bai ga man da fata ke sha haka ba, takalmansa sun yi laushi kamar kunnen ɗan akuya, har abokan sana'arsa na zuwa ɗiba.

Sai ga Ghali ya dawo. Ya tsaya Agadas kafin ya wuce Timiya, ya nemi gidanmu da hantsi don ya gaida Inna. Ta yi murna, ta ce ta ji shi ne ya shayar da ɗanta a hanya. Don ta girmama shi, ta jawo kwalbar daga ƙarƙashin gado ta nuna masa abin da take sha.

Ghali ya karɓa. Ya dubi takardar. Ya dube ni. Ya mayar mata da hannu biyu ya ce, "Allah shi ƙara sauƙi, Inna."

Na raka shi zaure, na ce ya tsaya a dafa shayi. Ya ce yana sauri. Da ya sa takalmi ya ce, "Hajj Salim ya ce in tambaye ka ko tsohuwa ta yi tari." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Me zan aika mishi?"

Ya fice ya bar ni tsaye a zaure.

Ban koma cikin gida ba, rumfar Kawu Bilal na nufa, da gudu-gudu, ni da gemuna. Na tarar da gwangwanin a gefe cikin tarkacen fata, Allah ya sa a inuwa, da murfinsa. Na ɗaga, ba nauyi. Na karkata shi a kan kofin shayi na yi ta jira yana ɗiga. Kofi ɗaya ya cika, bai kai baki ba. Kawu ya ce in don takalmina ne in kawo ya shafa mini. Na shaƙa. Ƙamshin ya ragu, amma ciyawar tana nan.

Na sami Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa, na ajiye kofin gabanta, na faɗa mata duka. Tano, da sanda, da koren ruwa, da kamiyon da na ga ana lodawa. Na faɗa mata tsohon da na kira ɗan ƙauye, da gaisuwar da na riƙe. Ba ta ɗago ba sai da ta gama da faifan.

Ta ce, "Kawo kwalbar." Na kawo. Ta juya ta, ta kalli takardar. "Ai kuwa. Tun kana yaro ba ka taɓa rufe tukunya daidai ba." Ta ajiye. "Guda nawa ka manna?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Kowace ɗaya, uwar wani ce ta sha."

Na ce ta yafe mini. Ta ce nata mai sauƙi ne, ita ta haife ni. "Amma kaset ɗinka a tsakar gidan nan aka ji shi. Da bakinka ka yi shi, da bakinka za ka goge shi. Bayan la'asar zan kira su."

Na roƙe ta a bar shi tsakaninmu. Ta ce Tamo ta sayi kwalba uku, ɗaya ma ta aika wa ƴarta mai jego.

Aka shimfiɗa tabarmar nan dai, aka dafa shayi. Na tsaya inda rediyo ke zama, na faɗa. Ban gyara murya ba. Matata ta shige ɗaki. Da na gama, sai Hajiya Tamo ta gyara zama.

Ta ce, "Ashe shef ɗin danƙo ne. To, Lokotoro, tun da ka san yadda ake yin na ƙarya, daga yau kai za ka riƙa ɗanɗana muna. Kuma kyauta."

Daga nan sunan ya fito. Ba digiri ba ne, hukunci ne, har yau kuma ban gama shi ba.

Inna ta sa aka kawo ƙaramin cokali. A gaban kowa ta ɗiba daga kofin shayin, ta yi bisimilla, ta sha. Ta yi tari biyu. Ta goge ido da gefen zane.

Ta ce, "Wanga ne na aike ka?"

Na ce, "Shi ne, Inna."

Ta ce, "To, ya iso. Ya dai daɗe a hanya. In ka sami mai zuwa, a ce wa tsohon na amsa, kuma na yi tari."

Na aika ta hannun Ghali. Ban sani ba ko saƙon ya same shi da rai.

Gwiwoyin Inna ba su warke ba, a zaune ta yi sallah har Allah ya karɓi abinsa. Ba ta yarda ta shafa ko ɗigo na kofin nan a ƙafa ba, ta ce ƙafafu sun riga sun sami rabonsu. Ta rufe shi da ƴar tasa ta sa a lungu mai duhu, kowace safiya cokali guda. Ni nake zuba mata, shi ya sa na san adadin.

Kwalbar Hajiya Tamo tana nan a shagona, a saman kanta, bayan kwalayen shayi. In yaro ya kawo mini mai ya ce Lokotoro duba takardar, ai har da ƙubba, sai in ce masa ajiye takarda, kawo kofi. Litir biyar na ɗauko daga duwatsun arewa, na hana kaina ruwa na shayar da shi a hamadar Tenere. Inna ta sami cokali goma sha ɗaya. Sauran, mutanen Agadas sun taka shi a ƙafa.